Waiwaye: Miles Davis, shaye-shaye da dukan mata

A shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙwayar heroin ta yi katutu a tsakanin makaɗan jazz na birnin New York, kuma matasa da yawa sun ɗauka cewa ita ce sirrin gwanintar Charlie Parker, shahararren mai busa saxophone, wanda shaye-shaye ya kai shi kabari a 1955 yana ɗan shekara 34. Miles Davis, mai busa ƙaho, ɗan wani likitan haƙori mai rufin asiri daga jihar Illinois, ya zo birnin a 1944, ya yi aiki a ƙungiyar Parker na wasu shekaru ba tare da ya kamu ba. Sai bayan ya dawo daga Paris a 1949, inda ya ga ana girmama baƙar fata, ya sake tarar da wariya da ƙarancin aiki a Amurka, sannan ya faɗa ciki. Shekara huɗu zuwa biyar ya yi a haka, yana karɓar kuɗi daga hannun mata masu zaman kansu don ya sayi ƙwaya, kafin ya kulle kansa a gonar mahaifinsa, ya kuma rabu da ƙwayar a 1954.

An daɗe ana ba da wannan labari a matsayin jarumta, amma abin da aka jima ba a faɗa ba shi ne cewa dukan mata da ya fi muni ya zo ne bayan ya bar heroin. Frances Taylor, ƙwararriyar mai rawa wadda ta zama matarsa, tana cikin wasan West Side Story a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, lokacin da Davis ya sa ta bar aikin ta zauna a gida. Ta ce marin farko ya biyo bayan wata magana da ta yi ne kawai, cewa makaɗi Quincy Jones kyakkyawa ne. A daidai lokacin da faifansa Kind of Blue na 1959 yake ɗaga sunansa, rayuwar cikin gidan tana ƙara taɓarɓarewa, har matar ta gudu a 1965.

Masu kare shi sukan kawo hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Yana da cutar sikila, wadda duk wanda ya yi jinyar mai ita ya san azabarta. An yi masa aiki a ƙugu a 1965, ya karya ƙafafu biyu a haɗarin mota a 1972, ya riƙa haɗa maganin kashe zafi da giya da hodar iblis. A watan Agustan 1959 ma 'yan sanda sun fasa masa kai a ƙofar gidan rawa na Birdland. Duk wannan yana bayyana halin da ya shiga, sai dai a ganina bai wanke shi ba, domin mutumin da ya iya yakice heroin da ƙarfin zuciyarsa bai taɓa nuna irin wannan himma wajen riƙe hannunsa ba.

Daga 1975 zuwa 1980 ya ajiye ƙaho ya shige gida da hodar iblis, kuma Cicely Tyson, 'yar fim da ya aura a 1981, ita ce ta taimaka ya farfaɗo. Ita ma ba ta tsira ba. A tarihin rayuwarsa da ya fito a 1989, da bakinsa ya ba da labarin yadda ya mare ta, ta kira 'yan sanda ta ɓuya a ɗakin ƙasa, shi kuwa ya tsaya yana raha da su. Wannan ne ya fusata marubuciya Pearl Cleage, wadda a 1990 ta rubuta cewa bai kamata mata baƙar fata su ci gaba da sauraren faifansa kamar babu abin da ya faru ba. Davis ya mutu a watan Satumban 1991, amma sai a 2019, a fim ɗin tarihinsa da Stanley Nelson ya shirya, masu kallo da dama suka ji bayanin Frances Taylor daga bakinta, bayan ta riga ta rasu a 2018.