Wa ke da ikon shimfiɗa layin dogo zuwa Rigasa ko Mararaba?

A watan Maris na 2023 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran kundin tsarin mulki da ya sauya matsayin jirgin ƙasa a Najeriya. A da, harkar jirgin ƙasa na cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma dokar 1955 da ta kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya (NRC) ta ɗora mata aikin kusan ita kaɗai. Yanzu an mayar da ita jerin da tarayya da jihohi ke rabawa.

Rabon a sauƙaƙe shi ne: layin da ya tashi a cikin jiha ya kuma ƙare a cikinta, majalisar dokokin jihar na iya yi masa doka, ta kafa kamfaninta na jirgi, ta gina dogo da tashoshi. Wanda kuwa ya tsallaka iyaka zuwa wata jiha, yana nan a hannun tarayya. Idan dokar jiha ta ci karo da ta Majalisar Tarayya, ta tarayya ce a sama.

Mu ɗauki Rigasa, unguwar da tashar jirgin ƙasa take a Kaduna. Tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, gidaje da shaguna sai ƙaruwa suke yi a kewayen tashar. Amma fasinja na sauka da kayansa, sai ya shiga cinikin tasi ko keke kafin ya isa cikin gari. Tashar ta NRC ce, gwamnatin jiha ba ta da iko a kanta. Sai dai yanzu doka ta ba Jihar Kaduna damar shimfiɗa nata ƙaramin layin daga nan zuwa Kawo ko Sabon Tasha. Filin ma a hannunta yake, domin dokar filaye ta 1978 ta damƙa wa gwamna riƙon ƙasar jiha. Wannan ne ya fi damuna: kowace damina da ta wuce ba a keɓe hanyar dogon ba, sai an ƙara ɗora bulo a wurin, kuɗin diyya ya hau, kuma talakan da ya yi guminsa ya gina ɗaki biyu shi za a rushe wa.

Inda gyaran bai kai ba shi ne Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Suleja da Madalla a Jihar Neja, garuruwan da ke maƙwabtaka da Abuja. Dubban ma'aikata na kwana a Nasarawa ko Neja, su yi sammako tun asuba su maƙale a cunkoson Nyanya ko Zuba. Su ne suka fi kowa bukatar jirgi, amma layinsu dole ya shiga Abuja, wadda Majalisar Tarayya ke yi wa doka. Gwamnan Nasarawa shi kaɗai iyakarsa bakin iyaka.

Akwai mafita, kuma an gan ta a Legas. Layin jirgin Jihar Legas mai suna Red Line, wato Jan Layi, da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024 ya tashi daga Oyingbo har Agbado da ke Jihar Ogun, yana amfani da hanyar dogon NRC bisa yarjejeniya. Irin wannan zama ne ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar Karu (ƙaramar hukumar da Mararaba da Masaka ke ciki) da Suleja su matsa a yi tsakanin jihohinsu, Ministan Abuja da NRC.