Fari, ƙaura da tsaro a birnin Kano

Birnin Kano yana yankin da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. Duk shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri a ƙauyukan arewa da ƙasar Nijar, akan ga alamarsa a tashoshin mota da kasuwannin birnin, domin nan jama'a suka saba dosa idan rumbu ya ƙare.

Ci-rani da yunwar farkon ƙarni na 20

Tun kafin zuwan Turawa akwai al'adar ci-rani. Da an gama girbi sai maza su shigo birni neman na kashewa, malamai su taho da almajiransu, a rage bakin da ke cin hatsin gida, sannan a koma idan ruwan shuka ya sauka. A shekarar fari kuwa tafiyar kan haɗa da mata da yara, wasu ma ba sa komawa.

Mafi munin yunwar da aka rubuta ita ce Kakalaba. Daminar 1913 ba ta yi kyau ba, yunwar ta tsananta a 1914. Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, a 1911 ko farkon 1912, manoma da dama sun karkata ga noman gyaɗa, ga kuma harajin da ake biya da tsabar kuɗi, don haka hatsin ajiya ya yi ƙaranci. Mutane daga Damagaram da sauran garuruwan arewa suka kwararo kudu, dubbai suka mutu, ko da yake ƙiyasin adadin ya sha bamban. An sake yin yunwa wajen 1927, sai wadda ake kira 'Yar Gusau wajen 1942.

Farin 1972 zuwa 1974

Wannan fari ya shafi Sahel baki ɗaya, ya kuma ƙarar da garkunan shanu da raƙuma. Buzaye da yawa da suka rasa dabbobinsu sun shigo Kano a wannan lokaci da bayansa. Aikin gadi ya zama sana'ar yawancinsu: akan ga mutum da rawani da takobi a ƙofar gida ko shago, yana dafa shayi a ƙaramar buta kan garwashi. Fari ya dawo a 1983 da 1984, daidai lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, shi ya sa a Nijar ake kiran yunwar da sunansa.

A waɗannan shekaru Tafkin Chadi, da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har abin da ya saura kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai.

Kano ta dogara ga madatsun ruwa. An kammala dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya ba da ruwan noman rani a Kadawa da Kura, na Challawa ya biyo baya a 1992. Sai dai ruwan da ke malala fadamun Haɗeja da Nguru ya ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, masunta da makiyaya na can suka ji a jikinsu.

Tsaro

A Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a unguwar 'Yan Awaki, inda alƙaluman hukuma suka nuna mutuwar fiye da mutum 4,000. Wasu masana na cewa yawancin mabiyan Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, gardawa ne da talaucin karkara ya koro birni. Wasu na ganin aƙida ce kan gaba.

Haka muhawarar take kan Boko Haram da janyewar Tafkin Chadi. Ƙungiyar ta kai wa Kano hari ranar 20 ga Janairu 2012, ta kuma kai wa Babban Masallacin Juma'a a Nuwamba 2014. Iyalai da yawa daga Borno da Yobe sun yi gudun hijira zuwa birnin, akasarinsu suka sauka wajen dangi ko gidajen haya maimakon sansani.

Rikicin manoma da makiyaya ya fi faruwa a wajen birni, inda gonaki suka cinye burtali da mashayar dabbobi. Dajin Falgore ya taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu.

Halin da ake ciki

Kano na cikin jihohi 11 da shirin dashen itatuwa na Tarayyar Afirka, wanda aka amince da shi a 2007, ya shafa a Najeriya. Cikin birni kuwa an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, abin da ke ƙara ambaliya a tsakiyar damina. Da rani unguwanni da yawa na sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa masu tura kura cike da jarkoki, galibinsu 'yan ci-rani ne daga ƙauyuka da Nijar.