Zarton inji na yankan itacen girki a Kumasi

Zarton inji na'ura ce da ake riƙewa a hannu, tana da sarƙa mai haƙora da ke zagaya wani dogon ƙarfe mai faɗi kamar takobi. Jamusawa na cikin waɗanda suka fara ƙera shi don aikin daji: Andreas Stihl ya fito da mai lantarki a 1926, Emil Lerp, wanda ya kafa kamfanin Dolmar, ya fito da mai fetur a 1927. Kamfanin Husqvarna na Suwidin ya shiga sana'ar a 1959.

A Kumasi, masu sayar da itace a unguwanni irin su Aboabo da Asawase na cikin masu buƙatarsa, domin masu dafa wake da shinkafa, masu koko da ƙosai da gidajen burodi da itace suke aiki kullum. Gungumen mangwaro, dogon yaro ko tsohuwar bishiyar koko sai an datsa shi gunduwa-gunduwa kafin mai faskare ya sa masa gatari. Wannan datsawa ita ce aikin injin.

Girman inji

A nan yawancin masu saye ke kuskure. Injin da ido ya saba gani a hannun masu tsaga katako a daji shi ne Stihl 070, mai si-si (ma'aunin girman inji) kusan 106, wanda nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa takobi da sarƙa ba. An yi shi ne don manyan bishiyoyi. Wanda ya saye shi don itacen girki zai sha wahalar banza: ga shan fetur, ga ciwon baya, kuma hannun da ya gaji shi ne ke jawo hatsari.

Ga mai yanka rassa da ƙananan gungume don gida, inji mai si-si 30 zuwa 40 da takobi inci 14 ko 16 ya isa. Mai sana'ar itace, wanda zai wuni yana datsa, ya nemi mai si-si 45 zuwa 60 da takobi inci 16 zuwa 20. Misali, Stihl MS 250 yana da si-si 45, nauyinsa bai kai kilo 5 ba. Ƙa'idar ita ce takobi ya ɗan fi kaurin gungumen da aka fi yanka tsawo. Dogon takobi a kan ƙaramin inji ba ya ƙara masa ƙarfi, sai dai ya wahalar da shi.

Akwai mai lantarki da mai batir. Ba su da hayaƙi, ƙararsu kaɗan ce, abin da maƙwabta a gidan haya za su yaba, amma ɗauke wuta da ƙarewar caji sun sa ba su dace da mai sana'a ba.

Mai da sarƙa

Injin fetur ba shi da ma'ajiyar baƙin mai ta daban, a cikin fetur ake gauraya man. Manyan kamfanoni sun ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na man da aka yi wa irin wannan inji, wato mililita 100 a lita 5. Fetur zalla na iya kashe fistin cikin mintuna. Tanki na biyu na man sarƙa ne, kuma al'adar zuba masa ƙonannen baƙin man mota tana cinye famfon man sarƙa da takobi, ko da ana ganin an yi tattali.

Itacen da ya kwanta a ƙasa yana ɗauke da yashi a ɓawonsa, yashi kuwa nan take yake dakushe haƙora. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya, tana shiga itace da kanta ba sai an danna ba. In aka ga gari mai laushi yana fita, ko yankan yana karkacewa, lokacin wasawa ya yi. Ana wasa ta da zagayayyen magagari, kuma kowace sarƙa da nata: milimita 4 ga ƙanana, 4.8 zuwa 5.5 ga manya. Da hunturu, matatar iska na son sharewa kullum saboda ƙura.

Kafin biyan kuɗi

Kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni da launinsu. Mai saye ya duba lambar inji, ya karɓi rasit. In na hannu ne, a tayar da shi yana sanyi, sannan a sa bakanike ya cire salansa ya leƙa fistin. In akwai karce-karce a jikin fistin, a haƙura. Ya kuma zaga wajen masu gyara, irin na Suame Magazine, unguwar bakanikai ta Kumasi, ya tambayi wane samfuri ne ake samun fulogi, kafireto da sarƙarsa cikin sauƙi. Injin da babu kayan gyaransa a gari, komai arharsa, ajiye shi za a yi.

Birkin sarƙa ba abin sassauci ba ne. Idan saman bakin takobi ya taɓa itace, injin kan yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi, birkin ne ke tsayar da sarƙar. A gwada shi a gaban mai sayarwa. A haɗa da hular kwano, tabarau, abin toshe kunne, safar hannu da takalmi mai ƙarfi, ba silifa ba.

Doka

Dokar sarrafa albarkatun katako ta 1998, L.I. 1649, ta hana tsaga katako da zarton inji don sayarwa a Gana, ta kuma wajabta yi wa injin rajista a majalisar gunduma. An sabunta dokokin katako a 2017. Datsa itacen girki daban ne da tsaga katako, amma sare tsayayyar bishiya na iya buƙatar izini, saboda haka a je ofishin Hukumar Gandun Daji kafin a fara. Madobiya na cikin itatuwan da gwamnati ta hana sarewa, kaɗanya da ɗorawa kuwa abincin mutanen arewacin Gana ne da kuɗin shigarsu, bai kamata su ƙare a murhu ba.