Gano inda sauti ke fitowa cikin hayaniya da amsa-kuwwa

Gano inda sauti ke fitowa fanni ne na sarrafa sauti da kwamfuta: ana jera makirfo biyu ko fiye don a san ta wane ɓangare mai magana yake. Ginshiƙinsa tazarar lokaci ce, domin sauti kan fara isa makirfon da ya fi kusa. A zafin digiri 20 sauti na cin mita 343 a daƙiƙa. Idan santimita 10 ce tsakanin makirfo biyu, tazarar lokacin ba ta kai ɗaya bisa dubu uku na daƙiƙa ba; na'urar da ke ɗaukar samfuri (awon sauti) 16,000 a daƙiƙa ba ta samun ko biyar cikakku a cikin wannan ɗan lokaci. A Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, gudun yakan kai mita 355, kuma wanda bai gyara lissafinsa ba zai ga kusurwar da ya lissafo daga tazarar lokacin ta karkace, musamman ga mai magana daga gefe.

Amsa-kuwwa ta fi hayaniya ɓarna. A zauren siminti mai tayil da rufin kwano, murya kan bugi bango ta dawo, sai na'ura ta nuna bangon ta bar mutumin. Maganin da aka fi amfani da shi, GCC-PHAT, daga aikin Knapp da Carter na 1976 ya fito: ana daidaita ƙarfin kowace mitar sauti (wato yawan kaɗawarsa a daƙiƙa, da ake aunawa da hertz), a bar bayanin lokaci kaɗai, sai alamar sautin da ya zo kai tsaye ta fito fili. Illarsa ita ce yana ɗaga har mitocin da babu murya cikinsu. Kusa da injin wuta, ko bakin titin Kasuwar Dole inda kabu-kabu ke kai-komo, wajibi ne a tace sautin tukuna, a riƙe kamar hertz 300 zuwa 3,400.

A 2000 DiBiase ya kawo SRP-PHAT, wanda ke tara sakamakon GCC-PHAT na kowane makirfo biyu (makirfo 8 na ba da haɗi 28) ya gwada ɗakin gurbi-gurbi. Ya fi juriya, amma akwai cin lissafi: zaure mai mita 10 a 10, tsayi mita 3, in aka yanka shi santimita 5-5, gurbi miliyan 2.4 ke nan. Shi ya sa ake fara lalube da manyan gurabe, sannan a tsananta inda ƙarfi ya taru.

Jerin makirfon ma sai an kula. Tazararsu in ta wuce rabin tsawon zangon sauti (nisan da yake ci a kaɗawa ɗaya), ɓangarori na ƙarya kan bayyana. A santimita 10, matsalar na farawa sama da hertz 1,700.