Waiwaye: Majami'ar Metodis ta Badagry, inda aikin ya soma a Najeriya

Ba Turawa ne suka fara neman a kafa majami'ar Metodis a Badagry ba. 'Yantattun bayi ne Yarabawa da suka dawo daga Saliyo, inda suka saba da sujada, suka aika da takarda a 1841 suna roƙon a turo musu malami. Aka turo ɗan mishan Thomas Birch Freeman daga Cape Coast da ke Ghana ta yau, ya sauka ranar 24 ga Satumba, 1842, tare da William de Graft, ɗan ƙabilar Fante, da matar de Graft ɗin.

Ginin farko na gora ne. Freeman bai daɗe ba ya wuce Abeokuta wajen Sodeke, shugaban Egba, domin can yawancin masu dawowar suka nufa. Da ya komo sai ya tarar da Henry Townsend na cocin Angilika, suka yi sujadar Kirsimeti tare a gindin itaciyar Agia, wadda iska ta kayar a 1959.

Wanda ya zauna ya yi ɗawainiyar dai de Graft ne, ko da yake sunan Freeman majami'ar ke ɗauke da shi yanzu. Shi ya buɗe makaranta ya riƙe ikilisiya. Tsarin Metodis kuwa an yi shi ne don irin wurin da fasto ba ya zama: ana kasa membobi aji-aji, kamar mutum 12, kowane aji da jagoransa. Su haɗu mako-mako, kowa ya ba da ɗan baikonsa, duk wata uku a sabunta katin zama memba. Jagora ya yi sakaci ko ya ƙaura, ajin ya watse, kuɗi ya tsaya.

Ƙaurar ce ta ci Badagry. Garin mashiga ce kawai, kuma mutanen Egun, 'yan asalin garin, ba su yi saurin barin addininsu na gargajiya ba. A 1851 faɗa ya ɓarke tsakanin magoya bayan Akitoye da na Kosoko, masu rigimar sarautar Legas, aka ƙone sashe babba na garin. Bayan Ingila ta kori Kosoko daga Legas a ƙarshen shekarar, fatake da 'yan mishan suka karkata can, Badagry ta koma ƙaramin reshe.

Cocin Metodis na Najeriya ya samu cin gashin kansa daga na Birtaniya a 1962, amma daga 1842 yake ƙirga shekarunsa, shi ya sa ake komawa Badagry idan bikin tunawa ya zo.