Jita Mai Ninkewa

Jita mai ninkewa nau'i ce ta jitar tafiya wadda ake iya lanƙwasa wuyanta ko a cire shi gaba ɗaya, domin ta shiga jakar goyo ko ƙaramin akwatin da fasinja ke shiga da shi cikin jirgin sama. Idan an isa masauki sai a miƙe wuyan, a ɗaure shi, a gyara sautin tsirkiyoyi. Jita ta yau da kullum tsawonta ya kai mita 1 ko ya ɗan haura, alhali yawancin kamfanonin jiragen sama ba sa yarda jakar hannu ta wuce kimanin santimita 56. Wannan tazara ce ta sa aka ƙirƙiro ta. Abin da ya bambanta ta da sauran ƙananan jitoci shi ne, yawancinta ba a rage tsawon tsirkiya sosai ba, don haka yatsun makaɗi suna samun filin da suka saba da shi.

Matsalar da maƙera suka fuskanta

Tsirkiyoyi 6 na ƙarfe, idan an ɗaure su daidai, suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70 ko fiye. Na roba, waɗanda ake sa wa jitar gargajiyar Sifaniya, jan su bai wuce kusan rabin haka ba. Duk wannan ja yana taruwa ne a mahaɗar wuya da jiki, kuma nan ne mai son ninke jita yake so ya raba. Shi ya sa maƙeran zamanin da suka manne wajen da gam, suka mayar da shi kamar itace guda.

Ba ƙarfi kaɗai ake nema a wurin ba, har da daidaito. Tsawon tsirkiya daga saman wuya zuwa jaki, wato ɗan itacen da tsirkiyoyi ke hawa a fuskar jita, yakan kasance tsakanin milimita 628 da 650, kuma ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a wuya dole ya faɗo a tsakiyar wannan tsawo. Idan wuyan ya koma mazauninsa da kuskuren da bai kai kaurin farce ba, tsirkiyoyi za su yi nisa da yatsu ko su riƙa gogar ƙarafan suna ƙara, sautin kuma ya kauce. Mahaɗar da za a buɗe a rufe sau ɗaruruwa, kuma kullum ta koma wuri ɗaya, ita ce ainihin fasahar wannan kayan kiɗa.

Tarihi

Jitocin farkon ƙarni na 19 ƙanana ne idan aka kwatanta da na yanzu. A birnin Viyana, Johann Georg Stauffer ya yi suna tun wajen shekarun 1820 da jitocin da ba a manne wuyansu ba: kusa mai zare ce ke riƙe da shi, ana juya ta da makulli irin na agogon bango don a ɗaga wuyan ko a sauke shi. Manufarsa gyaran tazarar tsirkiya ce, ba tafiya ba, amma ya nuna cewa wuya na iya tsayawa daram ba tare da gam ba. Ana cewa a wurinsa Christian Frederick Martin ya koyi sana'a kafin ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1833, inda ya kafa kamfanin da har yau ke ɗauke da sunansa.

Daga nan jita ta yi ta girma. Antonio de Torres na ƙasar Sifaniya ya faɗaɗa jikinta a tsakiyar ƙarni na 19, sannan kamfanin Martin ya fito da wata babbar ƙira mai faɗin ƙugu da ake kira dreadnought, da farko a 1916 don wani kamfanin sayar da kayan kiɗa, daga baya da sunansa a 1931. Makaɗa sun samu ƙarar da suke so, suka kuma gaji wahalar ɗauka. A 1950 Leo Fender ya fara sayar da jitar lantarki wadda kusoshi 4 ne kawai ke riƙe da wuyanta. Ya yi haka ne don sauƙin haɗawa a masana'anta da sauƙin gyara, sai dai makaɗa matafiya ba su daɗe ba suka gane cewa ana iya kwance kusoshin, a sa wuya da jiki cikin akwatin tufafi. Har yau akwai masu yin haka, ko da yake yawan kwancewa yana cinye ramin kusa a cikin itace.

Jitar da aka fi ambata a matsayin ta farko da aka ƙera musamman don ta ninke ita ce Foldaxe, ta Roger Field, wadda ake dangantawa da tsakiyar shekarun 1970. Ta lantarki ce, kuma an haɗa sunanta da na shahararren makaɗin Amurka Chet Atkins, wanda ya mallaki irinta. Ba ta yaɗu a kasuwa ba. Wasu maƙeran sun bi ta wata hanya, wato rage jikin jita maimakon ninke ta. Wajen ƙarshen shekarun 1970 Mark Erlewine na jihar Texas, tare da makaɗi Billy Gibbons, suka fito da ƙaramar jitar lantarki mai suna Chiquita. Kusan a lokaci guda Ned Steinberger ya cire kan jita ɗungurungum, ya mayar da maɗauran tsirkiya can ƙasan jiki, abin da ya rage tsawo ba tare da taɓa tsawon tsirkiya ba. Kamfanin Traveler Guitar, wanda aka kafa a California a 1992, ya ɗora kasuwancinsa kan dabara mai kama da wannan, inda maɗauran suke cikin jikin jitar.

A ɓangaren jitar da ba ta buƙatar lantarki, Backpacker ce ta buɗe kasuwa. Bob McNally ne ya zana ta, kamfanin Martin ya fara ƙera ta a farkon shekarun 1990. Siririya ce ƙwarai, jikinta bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, har ba ta zama a cinya sai an rataya ta da maɗauri. Sautinta siriri ne, kuma masu ita ba su ɓoye hakan ba, amma ta tabbatar wa kamfanoni cewa akwai jama'a da yawa da za su sayi jita don kawai tana da sauƙin ɗauka. Kamfanin Taylor ya biyo baya da Baby Taylor a 1996, wadda ta riƙe siffar jita sosai amma a kashi 3 cikin 4 na girmanta.

Sai a shekarun 2000 ne jita mai cikakken jiki, kuma mai ninkewa, ta samu gindin zama. Maƙeri Harvey Leach ya ƙirƙiro mahaɗa mai lanƙwasawa irin ta ƙyauren ƙofa, ya dasa ta a gindin wuya, kamfanin Voyage-Air kuma ya kai ta kasuwa wajen 2008. A Switzerland, Lukas Brunner ya yi suna da jitocin hannu masu wuyan cirewa. Daga baya aka samu Little Jane ta kamfanin Furch na Jamhuriyar Czech, da jerin Overhead na Journey Instruments, da kuma Ascender ta kamfanin Ciari, wadda ta fito kusan ƙarshen shekarun 2010.

A sararin samaniya

Babu inda ƙarancin wuri ya kai cikin kumbo, don haka jitocin tafiya suka shiga tarihin 'yan sama jannati. A watan Maris na 1994 Pierre Thuot ya tafi da wata Backpacker cikin kumbon Columbia. A watan Nuwamban 1995 Chris Hadfield ɗan ƙasar Kanada ya kai wata jita mai suna SoloEtte tashar Mir ta Rasha. Ita wannan ba ta da akwatin sauti, sai sandunan ƙarfe da ake sokawa su ba da siffar jiki, a zare su idan an gama. An sha kiran Backpacker jita ta farko da ta je sararin samaniya, amma akwai bayanan da ke nuna cewa 'yan sama jannatin Tarayyar Sobiyet sun riga sun kaɗa jita a tashar Salyut 6 tun 1978.

Ire-irenta

A ƙirar Voyage-Air, ana kwance kusa guda a gindin wuya, sai wuyan ya kifo kan fuskar jita. Tsirkiyoyin ba sa fita daga mazauninsu, domin a saman wuya an huda musu ramuka da suke bi ta ciki. Sukan yi laushi kawai, a tura su cikin ramin sauti. Jikin bai ragu ba, shi ya sa sautinta ya fi kusa da na jita ta sosai, amma jakarta tana da kauri, kuma ba kowane jirgi ne ma'ajiyarsa ke ɗaukarta ba.

Masu wuyan cirewa sun fi shiga ƙaramin wuri. A jitocin Overhead wuyan yana fita gaba ɗaya, a kwantar da shi gefen jiki a cikin jakar da aka ɗinka daidai ma'aunin kayan hannu na jirgi. Little Jane ta rabu gida 3: kai, wuya da jiki, kuma wuyan cikin jikin ake zura shi ta wata kafa. Wannan ƙira tana da kyau matuƙa, domin ta yi amfani da sararin da dama yake fanko.

Ascender ta lantarki ce, kuma a tsakiyar wuya take karyewa zuwa baya. Akwai wani ɓoyayyen hannu da ake ja ya sassauta tsirkiyoyi duka a lokaci guda kafin a ninke.

Akwai kuma masu firam kawai, irin SoloEtte da Silent Guitar ta Yamaha da ta fito a 2001, waɗanda ake sauraro ta abin sawa a kunne.

Sauti

Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, kuma iskar da ke cikin akwatin sauti ce ke taimaka wa irin wannan amo mai zurfi ya fito. Da zarar an rage akwatin, amon ƙasa ne ke fara tafiya. Saboda haka jita mai ninkewa mai cikakken jiki ta fi 'yar ƙarama wadda ba ta ninkewa daɗin ji. Ko mahaɗar ƙarfe tana rage daɗewar amo, makaɗa sun rabu a kai. Ta lantarki ba ta da wannan damuwa sosai, tunda lasifika ce ke fitar da muryarta.

Tafiya da ita

A Amurka, dokar sufurin sama ta 2012 ta tanadi cewa kamfanonin jiragen ƙasar su bar fasinja ya shiga da ƙaramin kayan kiɗa kamar jita, muddin akwai wuri a ma'ajiyar saman kujeru lokacin da ya shiga. Ƙa'idar ta fara aiki a watan Maris na 2015. Sharaɗin samun wuri shi ne lagonta, domin wanda ya shiga a ƙarshe yakan tarar ma'ajiya ta cika, a karɓi jitarsa a kai ta wajen manyan kaya. A wasu ƙasashe kowane kamfani da tsarinsa, wasu ma sai an saya wa jita kujera. Jitar da ta shiga jaka mai ma'aunin kayan hannu ta kuɓuta daga yawancin wannan jayayya, sai dai a kula da nauyi, tunda kamfanoni da dama ba sa yarda jakar hannu ta wuce kilo 7 ko 8.

Tsoron makaɗa game da wajen manyan kaya yana da tushe. A 2008 jitar mawaƙin Kanada Dave Carroll ta karye a wata tafiya da ya yi da jirgin United ta birnin Chicago, kuma waƙar ƙorafin da ya saka a YouTube a 2009 miliyoyin mutane suka kalle ta. Yawancin ɓarnar da ake samu daga jifa da faɗuwa ne, kuma inda ya fi saurin karyewa shi ne bayan kai, wajen da itacen ya fi siranta. Batun sassauta tsirkiya kafin hawa jirgi ana saɓani a kansa, amma mai ninkewa ba ta cikin wannan muhawara, don a sassauce take tafiya.

Yanayi ya fi jirgi yi wa jita illa a hankali. Maƙera suna ba da shawarar a ajiye jitar itace inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. Wanda ya taso daga wuri mai danshi ya sauka Kano ko Zinder a tsakiyar hunturu, lokacin da laima kan faɗi ƙasa da kashi 20, yana iya ganin fuskar jitarsa ta tsage, bakin ƙarafan wuya kuma su fito suna kartar hannu saboda itacen ya tsuke. Maganinsa a bar ta cikin jaka a rufe tare da ɗan soso mai laima wanda ba ya ɗiga. Barin ta cikin mota a rana ya fi haka muni, domin zafi yana sassauta gam har jaki ya ɗago. Wannan ne ya sa matafiya da yawa suka koma ga jitocin da aka yi da zaren kabon, waɗanda ba ruwansu da danshi ko bushewa, ko da yake sun fi tsada.

A kan iyakokin ƙasashe, nau'in itace na iya jawo tambaya. Yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa wani jan katako na Brazil cikin jerin da aka fi tsaurarawa tun 1992. A farkon 2017 aka faɗaɗa takunkumi zuwa sauran danginsa, sannan a ƙarshen 2019 aka cire kayan kiɗan da aka riga aka ƙera daga ciki, ban da na Brazil ɗin, wanda har yanzu sai da takarda.

Kulawa

Bayan kowace miƙewa sai an sake daidaita sauti, kuma tsirkiyoyi kan ɗauki 'yan mintoci kafin su zauna. Yawan sassautawa da ɗaurewa yana gajiyar da su a wajen lanƙwasa, don haka matafiyi kan riƙe na canji. Yashi ko ƙura a fuskar mahaɗa yana hana wuya zama daidai, sai a goge wurin da busasshen ƙyalle kafin a ɗaure, kuma kusar a tsaya da ita inda ta kama, kada a matse ta da ƙarfi.