Maganin gargajiyar Indiya: abin ɗauka da abin bari

Sunan Indiya yana da nauyi a bakin mutanenmu idan ana maganar lafiya, kuma da dalili. Da wuya ka sami unguwa a Kano ko Kaduna da ba a san wani da aka kai Delhi ko Chennai dashen ƙoda ko aikin zuciya ba. Da yawa daga cikin ƙwayoyin da muke bayarwa a asibiti ma, in ka juya kwalin, a can aka yi su. Wannan kwarjinin ne masu tallar magani a Facebook da WhatsApp suke ara. Kwalba ce mai hoton ganye, an rubuta Ayurveda a jiki, a ce maka daga Indiya aka zo da ita, sai hannu ya tafi aljihu. Alhali likitan da ya yi dashen ƙodar nan karatun likitancin zamani ya yi, irin wanda ake yi a Zariya. Abin da ke cikin kwalbar wani fanni ne daban, kuma ya kamata a san shi kafin a kai baki.

Ayurveda tsohon ilmi ne. Manyan littattafansa, na Charaka da na Sushruta, sun kai kimanin shekara 2,000, kuma a na Sushruta har akwai bayanin yadda ake gyara hancin da aka yanke da fatar mutum. Tushen tunaninsu shi ne jiki yana tafiya ne bisa abubuwa uku, vata da pitta da kapha, in ɗaya ya rinjayi sauran sai ciwo ya shigo. Wanda ya tashi yana jin ana cewa "sanyi ne ya kama shi" ko "zafi ya yi mata yawa" ba zai ji wannan baƙo ba. Ban da Ayurveda akwai Siddha a kudancin ƙasar, akwai kuma Unani, wanda ya bi ta hannun likitocin Musulunci irin su Ibn Sina kafin ya zauna a Indiya. A 2014 gwamnatin ƙasar ta ba su ma'aikata sukutum mai suna AYUSH, kuma mai son zama likitan Ayurveda sai ya yi shekara biyar da rabi a makaranta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta maganin gargajiya a Jamnagar, jihar Gujarat. Masu talla na son ambaton wannan, amma aikin cibiyar shi ne bincike a tantance mai amfani da marar amfani, ba wai ta sa hannu a kan kowace kwalba ba.

A aikina na lafiya, hujja mafi ƙarfi da na gani tana wajen abin da ba a haɗiya. Yoga, wato miƙe gaɓoɓi a tsanake tare da sarrafa numfashi, an gwada ta sosai. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa ta cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai fara gwadawa kafin a kai ga ƙwaya. Tana ɗan rage hawan jini, tana taimaka wa barci da damuwa, tana kuma ƙara wa tsofaffi tsayuwar ƙafa. "Ɗan ragewa" na ce. Wanda awonsa ya kai 170 bisa 100 ba numfashi ne zai sauko da shi ba. Amma tela da ke yini a kan keke, da direba, da mai zaman ofis, da uwar da bayanta ke ciwo tun haihuwar fari, minti 15 zuwa 20 kullum a kan tabarma zai yi musu abin da kwalin maganin ciwon jiki bai yi ba, kuma ba ya cin ƙoda ko tayar da olsa. Mafi sauƙi: zauna ka miƙe baya, ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, sake ta a hankali kana ƙirga shida, ka yi haka na minti biyar. Mai ciki, da mai hawan jini, da mai ciwon hawan ruwan ido, su guji duk salon da ake kifa kai ƙasa ko riƙe numfashi.

Na san abin da ke ran mai karatu. Asalin yoga yana haɗe da addinin Hindu, akwai salon gaida rana, akwai kalmomin da ake rerawa. Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne amfanin da likitoci suka auna daga motsin jiki da numfashi yake fitowa, kuma masu gashin ƙashi a asibitocinmu suna koyar da kusan irin wannan miƙewar ba tare da ambaton kowa ba.

Tausa da man riɗi mai ɗumi, wadda jihar Kerala ta yi suna a kai, tana sassauta jijiya tana sa barci. Ba ta narkar da ƙari ba ta wanke jini. Kurkure hanci da ruwan gishiri kuwa yana da amfani na gaske ga mai toshewar hanci, musamman da ƙurar hunturu, da sharaɗin ruwan ya zama tafasasshe da ya huce. A jihar Louisiana ta Amurka an rasa rayuka a 2011 saboda an yi da ruwan famfo mai ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Shi kuwa panchakarma, wankin jiki da ake yi ta hanyar sa amai da zawo da ɗura ta dubura da fitar da jini, ba na ba kowa shawararsa. Jikin da hanta da ƙoda ke aiki yana wanke kansa, kuma zawo na gayya ga tsoho ko mai ciwon suga hanya ce ta ƙarewar ruwa.

Itatuwansu ba wasa ba ne, shi ya sa ma ake tsoronsu. Saiwar sarpagandha da suka daɗe suna ba mai tabin hankali da marar barci, daga cikinta aka ciro reserpine a 1952, ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko da suka yi aiki. Sai da aka auna ta aka san adadin da ke sauke jini da adadin da ke jefa mutum cikin kasala da baƙin ciki. Mai sayar da gari a leda ba shi da wannan awon.

Wasu ma a gidanmu suke. Darbejiya daga yankin Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, zogale ma asalinsa can ne. Iyaye mata, man 'ya'yan darbejiya ba a ɗura wa jariri. A Indiya da Malesiya an ga yara suna amai da jijjiga har da suma saboda shi. Kurkum a miya ko a shayi ba laifi, kuma akwai alamun yana rage ciwon gwiwa. Amma kafson kurkum da aka tace aka haɗa da sinadarin masoro don ya ƙara shiga jini, an sha samun wanda ya taɓa wa hanta. Haka ashwagandha, wata saiwa da samari ke saya don ƙarfi da barci: ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana rage damuwa, amma ita ma an kama ta da cutar da hanta, tana taɓa aikin tayirod, sashen da ke wuya mai sarrafa kuzarin jiki, ba a ba mai ciki, har ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Hulba tana ɗan sauke suga, don haka mai shan ƙwayar suga ko allurar insulin da ya ɗirka ta da yawa, suga na iya faɗuwa ya yanke jiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarfe. A wani reshe na Ayurveda, da gangan ake ƙona dalma da zaiba da gubar arsenik su zama toka, a kira ta bhasma, a zuba cikin magani, bisa imanin cewa wuta ta kashe dafin. Ba ta kashe shi. A wani bincike da aka buga a 2004, Dokta Robert Saper da abokan aikinsa sun sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan birnin Boston suka auna, 14 suna ɗauke da waɗannan ƙarafa. Da suka maimaita da wasu 193 da aka saya ta intanet, a binciken da aka buga a 2008, sakamakon bai canza ba: kusan ɗaya cikin biyar. Wannan a Amurka ke nan, inda ake da sa ido. Mu kam ba sai an ba mu labarin dalma ba. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, waɗanda suka rayu kuma da yawa ta bar musu rauni a ƙwaƙwalwa. Ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, a hankali take taruwa, kuma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Don haka duk maganin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ko ka ga kalmar "bhasma" ko "rasa" a sunansa, ajiye shi. Wanda aka ce yana maganin suga da hawan jini da basir da rashin haihuwa a lokaci guda, shi ma haka. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ta fi babu, amma ba shaida ba ce cewa yana warkarwa. Duba da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai ciki, mai shayarwa, ƙaramin yaro, mai ciwon hanta ko ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini, kada su sha komai sai sun tambaya. Kuma kada wanda ya ajiye maganin hawan jini, ko na suga, ko na tarin fuka, ko na ƙanjamau, don ya sayi kwalba.

In kuwa an riga an fara sha sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki na ƙaiƙayi, ko ciki na murɗawa babu bayan gida, ko yaro ya soma jijjiga, a daina nan take a nufi asibiti. A tafi da kwalbar, a nuna wa likita, a faɗa masa tun yaushe ake sha da nawa ake sha a rana. Ba faɗa za mu yi ba. Gwajin da za a rubuta ya dogara da abin da aka gaya mana.